Notin da Na Karya a Injin Surukina

Shekarun baya, kafin ƙasar nan ta shiga halin da take ciki, lokacin da mutum zai shiga gidan mai a Gadarif ya ce a cika masa tanki kuma a cika, na yi wani aiki da har yau in na tuna shi sai in ji kunya da daɗi a lokaci guda. Wasunku sun sha tambayata labarin tsohuwar motar nan da nake yawan sa hotonta. To yau na samu sarari, ku saurara.

Ni makanikin tarakta ne. Tun ina saurayi nake bin gonakin yankin Simsim, in garma ta karye a kira ni, in injin dizal ya ƙi tashi a tsakiyar laka a kira ni. Hannuna ya saba da ƙarfe mai kauri. A wurinmu in za ka ɗaure noti, sai ka sa sifana, ka zura mata dogon bututu, ka hau da nauyinka duka har notin ya yi ƙara. Wannan ƙarar ita ce awonmu, kuma a lokacin ina ganin duk wanda ke da wani awo bayan wannan rago ne kawai.

Surukina, mahaifin matata, direba ne da ya yi shekaru masu yawa yana tuƙa wani attajiri mai fataucin riɗi. Motar da yake ja masa ta Amurka ce, irin ta da, ƙofa biyu, dogon hanci, inji mai silinda takwas, huɗu a dama huɗu a hagu. Shi ke tuƙa ta, shi ke gyara ta, bai taɓa bari wani ya sa mata hannu ba. Da attajirin ya koma motocin zamani sai ya bar masa ita kyauta. Ya ja ta iya jansa, har hannunsa ya fara rawa, injin ma ya gaji ya cije. Ta fi shekara goma a ƙarƙashin rakuba, rumfar ciyawar da ke tsakar gidansa, kaji na yin ƙwai a kujerar baya.

Yayyen matata biyu suka yi shawara a cire injin a sayar wa masu awon tsohon ƙarfe, a sa mata na dizal, ko ba komai ta riƙa ɗauko buhunan dawa daga gona. Maganarsu ba ta rashin hankali ba ce, ni ma da an tambaye ni a lokacin abin da zan ce ke nan. Tsohon bai ce musu e ba, bai ce a'a ba.

A nan sai na faɗa muku yadda nake da shi. Shekararmu tara da aure a lokacin, ban taɓa kallon fuskarsa sosai ba. In na je gidan, tun daga ƙofa nake cire takalmi, in durƙusa, in ce "Baba, ina kwana," ya ce "Lafiya lau, ya yara," in ce "Lafiya lau," halas, shi ke nan, in nemi hanya. In na hango shi a kasuwa sai in shige wani lungu. Maƙwabtanmu Larabawa dariya suke mana a kan wannan, amma haka muka taras, kakanninmu da suka taho daga yamma da ƙafa ba su bar kunyar suruki a hanya ba.

Wata rana matata ta dawo daga gidansu, ta ajiye mayafi ta ce, "Baba ya ce in tambaye ka, wai ko za ka duba masa injin nan kafin yayyena su kai shi sikeli."

Kaina ya kumbura nan take. Mutum yana da 'ya'ya maza biyu, ya tsallake su ya aiko wurina. Na ce, "Ki ce masa ya ɗauka an gama."

Ta ce, "Ka taɓa buɗe injin banzin kuwa, mai shan fetur?"

Na ce, "Inji ai inji ne."

Ta dube ni irin kallon da take wa yaranmu in sun ce sun yi wanka, ta ce sharaɗinsa ɗaya ne, injin ba zai bar gidan ba, a nan ƙarƙashin rakuba za a yi komai.

Haka muka tsara aikin, kuma wallahi da kun gan mu sai kun riƙe ciki. Ni ina ƙarƙashin rakuba da kayan aiki. Taku biyar daga nan akwai zana, bayan zanar surukina na zaune a kan gadonsa na igiya, ya ba ni baya, da jabanarsa, 'yar butar gahawa, a gefe. Matata tana tsakiya a kan kujera 'yar tsugunno tana tsince wake. Duk abin da na faɗa yana ji, duk abin da ya faɗa ina ji, amma sai ya bi ta wurinta.

Zai ce, "Ki ce wa mutumin gidanki kada ya haɗa kayan silinda ta ɗaya da na ta biyu. Kowace da kwanonta."

Ta juyo ta ce, "Ka ji dai. Kuma ni na ƙara da cewa kwanonin nan na mahaifiyata ne, a wanke su da sabulu."

Ni kuma in ce, "Ki ce wa Baba an ji."

Abin da ya fi ba ni mamaki, bai taɓa leƙowa ba, amma da kunne yake bin aikin. In na ɗauki guduma zai yi gyaran murya. In na ajiye ta na ɗauki katako sai ya ci gaba da shan gahawarsa. Sati biyu muka yi muna jiƙa silindodin da mai kafin fistin na ƙarshe ya yarda ya fito, kuma a cikin sati biyun nan matata ta san sunan kowane ƙarfe a injin, har ta fara gyara mini magana.

Da na ga cikin injin sai wani buri ya taso mini. Ba tashi kawai nake so ya yi ba, so nake in an taka motar a titi a san an taka. Na aika da saƙo cewa ina so a ɗan fere kan injin a wurin mai makarata, injin fere ƙarfe, don ya ƙara matsi, a sa kafireto mai baki huɗu, a raba mata salansa biyu. Na ɗauka zai ƙi. Sai ya ce, "Ki ce masa kafireto da salansa ya yi yadda ransa ke so, dama tun da can ta fi ƙarfin numfashin da aka ba ta. Amma gangar injin da ta zo da ita, ita za ta koma. Babu irinta daga nan har Gallabat."

Gaskiya ya faɗa. Na zaga warsha-warsha, wato garejin gyara, a unguwar makanikai, babu wanda ke da ko makamanciyarta, wasu samarin ma ba su taɓa ganin inji mai silinda takwas na banzin ba. Mai makarata ya zo har gida da kayan awonsa, da ƙyar tsohon ya yarda aka ɗauki gangar na yini biyu aka faɗaɗa ramukan, kuma sai da ya bi ta a kan amalanke. Sababbin fistin da zobbansu daga Jidda suka zo, a jakar gwaggon matata da ta je Umra, an naɗe su a cikin dardumomin salla tsakanin dabino da turare. Ta ce ba ta taɓa ɗaukar tsaraba mai nauyi da rashin amfani irin wannan ba.

Yayyen matata sukan biyo da la'asar su tsaya su kalla. Babban yakan ce, "Ya aikin Amurka? Mai sikeli fa yana gaishe ka." Mu yi dariya. Ba da mugunta yake faɗa ba, amma na san suna jira su ga ƙarshen abin, kuma na san in ya lalace ba ni kaɗai zan ji kunya ba. Tsohon ne zai zauna a gaban 'ya'yansa a matsayin wanda ya ƙi maganarsu ya ba bare amana, baren ya kashe masa inji.

Ranar da za a ɗora kan inji, surukina ya miƙo wa matata wani abu a naɗe cikin tsohon rawani. Sifana ce mai awo, siririya, da allura da lambobi a jikinta. Ya ce, "Ki ce masa ya fara daga notin tsakiya ya riƙa fita waje, zagaye uku, kowane zagaye ya ƙara kaɗan. In allura ta kai inda na yi alama ya tsaya." Daga nan ya tashi ya tafi gaisuwar rasuwa a wata unguwa, matata ta shiga ciki taya mahaifiyarta girki.

Ɓangaren dama na bi umarninsa. Da allurar ta kai alama sai na ji ko gumi ban yi ba. Na ce a raina, wannan ɗaurin ai ko murfin tukunya ba zai riƙe ba, balle injin da na ƙara wa matsi. Tsohon ya manta an fere kan, ni ne na san abin da na yi. Na ajiye masa sifanarsa da ladabi a kan rawanin, na jawo bututuna.

Noti na farko a hagu ya yi ƙarar da na saba ji, na ji daɗi. Na biyu ma haka. Na uku na hau, sai na ji ƙas, bututun ya tafi da ni har na dafa ƙasa. Kan notin yana cikin sifana, sauran jikinsa yana can cikin gangar injin, ya karye daidai da bakin rami.

Da na tsaya a nan da sauƙi. Amma tsoro ya sa na cire kan injin da sauri, na ɗauko abin huda ƙarfe, wai zan huda guntun in fitar da shi kafin kowa ya dawo. Garin sauri, bakin abin ya zame ya fara cin gefe. Ramin ruwan da ke sanyaya inji yana nan kusa, kaurin ɗan yatsa ne tsakaninsu. In na huda can, gangar ta gama yawo. Na kashe abin, na rufe injin da buhu, na ce wa surukata an kira ni gyaran tarakta a Ƙala'at an-Nahal.

Babu wanda ya kira ni. Kwana uku ina fita da safe in zauna a warshar abokina ina shan shayi ina kallon bango. A rana ta uku na dawo gida na taras da matata a zaune, da kan notin a tafin hannunta. A aljihun rigar aikina ta same shi da za ta yi wanki.

Ta ce, "Wannan na kan inji ne."

Na ce, "Na kan inji ne."

Na faɗa mata komai. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da na fi jin sauƙi. Na ce, "Gobe ki je ki faɗa wa Baba. Ki lallaɓa shi, kin fi ni sanin yadda ake masa magana."

Ta ce, "Wata biyu ina kai saƙo ina kawo saƙo, ban taɓa cewa na gaji ba. Wannan kam ma'alesh, ka yi haƙuri, ba zan ɗauka ba. Hannunka ya karya, bakinka zai faɗa."

Na yi roƙo, na yi fushi, har na ce mata ba ta san al'ada ba. Ta ce ta sani sarai, kuma ba ta taɓa jin al'adar da ta ce mutum ya ɓata kayan surukinsa ya turo matarsa ba.

Washegari da hantsi muka je tare. Muna shiga ta wuce ɗakin mahaifiyarta ta ja ƙofa. Na cire takalmi, na zagaya bayan zanar nan da ban taɓa zagayawa ba, na durƙusa a gaban gadonsa. Muka gaisa. Maimakon in tashi kamar kullum sai na ci gaba da durƙuso, na ajiye kan notin a kan tabarma kusa da ƙafarsa.

Na ce, "Baba, na yi ɓarna. Ban bi abin da ka ce ba. Kuma ban je ko'ina ba, ɓuya na yi."

Ya dubi notin. Ya waiga dama, ya waiga hagu, na gane 'yarsa yake nema, shi ma bai san yadda zai yi da ni ba in babu ita. Da ya ga ƙofa a rufe sai ya yi gyaran murya, ya dubi ƙasa kamar yadda nake duba.

Ya ce, "Wanne?"

"Na uku a hagu."

"Da bututu?"

"Da bututu, Baba."

"Ka huda?"

"Na fara, ya zame, na tsaya."

Ya ce, "Tsayawar ita ce aikin kirkin da ka yi." Ya jawo sandarsa ya miƙe.

Ya yaye buhun da kansa. Ya sa ɗan yatsa a bakin ramin yana shafawa, idonsa a rufe, ya daɗe. Can ya ce haƙoran ramin na sama biyu sun tafi, sauran suna nan, kuma ban kai ga ruwa ba. Ya ce in ɗauko injin walda.

Hannunsa ba zai iya riƙe walda ba, don haka ni na riƙe, shi yana tsaye a kafaɗata yana faɗa mini. Muka ɗora wasa, ɗan zoben ƙarfen nan mai faɗi, a kan guntun na like ta, muka ɗora wani noti a kan wasar na cika cikinsa da walda. Ya ce a bari ya huce, ya sa aka kawo man riɗi a cokali ya ɗiga a gefe. Na sa sifana, notin waldar ya ɓalle. Muka sake, ya sake ɓallewa. Na ji hawaye na neman zubo mini, ni da gemuna.

Ya ce, "Kai matsalarka ƙarfi. Ba ja za ka yi ba. Ka kai shi gaba kaɗan, ka dawo da shi baya kaɗan, kamar kana cire ƙaya a ƙafar yaro."

A karo na uku ya ɗora hannunsa mai rawa a kan nawa. Gaba kaɗan, baya kaɗan. Mun fi minti goma a haka kafin na ji abu ya saki a ƙarƙashin tafina. Guntun ya fito yana juyawa, baƙi, da ɗumi. Tsohon ya karɓa ya duba, ya jefa a aljihunsa, ya ce notukan da na hau da bututu duk a zubar, sun miƙe. Ya shiga ɗaki ya fito da wani gwangwani cike da mai, a ciki akwai cikakken saiti da ya ajiye tun zamanin maigidansa.

Da la'asar babban yayan matata ya biyo, ya ga kan inji a ƙasa, ya ce, "A'a, ba an ce an ɗora ba?" Kafin in buɗe baki surukina ya ce, "Ni na ce a sauke, akwai abin da nake so in duba." Har ya bar duniya 'ya'yansa ba su ji labarin notin daga bakinsa ba.

Bayan sati uku motar ta tashi. Ta yi tari sau biyu, ta fitar da hayaƙi, sannan ta kama wani gurnani mai kauri da ya sa kajin gidan suka haye danga. Maƙwabta suka cika ƙofa. Surukata ta fito da ludayi a hannu tana cewa rabonta da jin wannan ƙarar tun autarta na goye. Tsohon ya karkata kai yana saurare, ya sa na ɗan juya abin raba wuta, ya ce in ƙara, ya ce ya isa. Ƙarar ta daidaita.

Washegari bayan an sha shayin safe ya ce a fito da ita titi. Matata ta ɗauko mayafi za ta shiga baya, ya ce, "Ke zauna, kin yi naki." Ya miƙo mini makulli, ya zagaya ya zauna a gaba, kusa da ni.

Muka kama hanyar Gallabat. Lokacin an fara yankan riɗi, dami-dami a tsaye a gonaki hagu da dama. Ina tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Da muka bar gari titi ya miƙe, ya ce, "Wannan tafiyar ai ta tarakta ce. Taka ta."

Na taka. Bakunan kafireto na baya suka buɗe, hancin motar ya ɗaga, kujera ta manne mini a baya. Na saci kallonsa, ya riƙe hularsa da hannu ɗaya yana dariya, haƙoransa uku da suka rage duk a waje. Ranar na fara ganin fuskarsa sosai, ashe matata hancinsa ta ɗauko.

Da na sassauta sai ya ce, idonsa a kan titi, "Shekara tara 'yata tana gidanka, maganarka da ni ba ta taɓa wuce lafiya lau ba. Sai da ka karya mini noti. Mahaifinka manomi ne ko makiyayi?"

Na ba shi amsa, ya sake wata tambayar. Ya tambaye ni wa ya koya mini gyara, me ya sa ban yi nisa a makaranta ba, ko 'yarsa har yanzu tana da taurin kai. Ya ba ni labarin yadda ya fara tuƙi, da ranar da ya kafe a laka da maigidansa har suka kwana biyu a wani ƙauye, da ɗansa na fari da ya rasu yana ƙarami, wanda ko matata ba ta taɓa faɗa mini ba. Mun yi nisa sosai kafin ya ce mu juya, kada a ce mun gudu da motar.

Muna isa gida na fito na buɗe masa ƙofa, na durƙusa, ya ce "Allah ya yi albarka," na ce "Amin, Baba." Daga ranar muka koma yadda muke. Ba shi ya mayar da mu ba, ni ne. Sau biyu ya aiko cewa in na samu lokaci mu sake fita da ita, ni kuma nauyinsa ya dawo mini sabo, na riƙa cewa sai an gama girbi, sai an gama gyaran taraktoci, sai bayan salla. Ya rasu kafin damina ta zagayo.

Ba na zagin kunya, ita ta raine mu, kuma ina so surukaina su ji nauyina in lokaci ya yi. Amma na gane wani lokacin mutum ragonci yake yi ya sa masa sunan ladabi, kuma ni na yi. Motar tana nan, yayyen matata sun ce a bar ta a wurina, in an samu banzin nakan tashe ta. Hirarmu a hanyar nan ba ta wuce sa'a biyu ba. Ita ke nan duk hirar da na yi da shi a duniya, kuma shi ya nemi ƙari, ni na ce sai an jima.